Mazaɓar Bolsover: rufe ramukan kwal ne ya kayar da Dennis Skinner, ko ficewa daga Turai?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata mazaɓa a Ingila da ta daɗe tana tsaya mini a rai, ina so mu tattauna a kanta. Sunanta Bolsover, a gundumar Derbyshire take, yankin masu haƙar kwal ne kaka da kakanni. An ƙirƙiro ta a 1950, kuma tun daga lokacin har 2019 mutum biyu kacal suka wakilce ta a majalisar dokokin Birtaniya. Harold Neal daga 1950 zuwa 1970, sai Dennis Skinner daga 1970 zuwa 2019. Dukansu 'yan jam'iyyar Leba ne, dukansu kuma sai da suka yi aiki a cikin rami kafin su taka majalisa. Shekara 69 kenan jam'iyya ɗaya. A zaɓen 1997 Skinner ya ba mai bi masa tazarar ƙuri'a sama da 27,000. Sai ga shi a Disambar 2019 wani matashi ɗan Conservative, Mark Fletcher, ya kayar da shi da ƙuri'a 5,299. Me ya cinye waccan tazarar? Ni a ganina ba a 2019 Leba ta rasa kujerar nan ba. Tun 1993 ta fara kuɓuce mata, shekarar da aka rufe ramukan ƙarshe na yankin.

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. In da rufe ramuka ne, ai da tun 1997 za a gani. An rufe a 1993, bayan shekara huɗu Skinner ya samu kusan kashi 74 cikin 100. Ya sake ci a 2001, 2005, 2010, 2015, har 2017. Mutanen da aka raba da aikinsu ne suka ci gaba da zaɓensa sau shida. Abin da ya canza shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Kusan kashi 70 na mutanen Bolsover sun zaɓi a fita daga Tarayyar Turai. A 2019 Boris Johnson, shugaban Conservative, ya ce zai fitar da su, Jeremy Corbyn shugaban Leba kuma ya ce sai an sake wata ƙuri'ar. Suka ga an raina musu hankali, suka juya. Magana ta ƙare.

Sadiq:
Bari in ajiye lambobin don kowa ya gani kafin a yi nisa. Tazarar Skinner a 1997 ta haura 27,000. A 2010 ta sauko zuwa 11,000 da 'yan kai. A 2015 ma wajen nan take, amma a shekarar jam'iyyar UKIP, mai neman a fice daga Tarayyar Turai, ta kwashi ƙuri'a sama da 9,000. A 2017 tazarar ta koma 5,288. A 2019 ta kife, Fletcher 21,791, Skinner 16,492. To Nura, fiye da rabin tazarar ya zube tun kafin a yi ƙuri'ar 2016.

Nura:
Yaya Sadiq, 1997 ba ma'auni ba ne. Shekarar guguwar Tony Blair ce, ko'ina Leba ta yi sama. Dole daga can sai saukowa.

Sadiq:
Gaskiya ne wannan, na karɓa. Amma dubi 2017. A ƙasa baki ɗaya Leba ta ƙara ƙuri'a da kujeru a shekarar, a Bolsover kuwa tazararta rabewa biyu ta yi. Wato yankin ya riga ya kama wata hanya dabam da ta jam'iyyar.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don na daɗe ina karatu a kan ƙungiyoyin ƙwadago na Birtaniya, kuma akwai abin da lamba ba za ta nuna muku ba.

Nura ɗana, ka tambayi kanka ta yaya ake zama ɗan Leba a irin wannan gari a da. Ba takardar manufofin jam'iyya ake karantawa ba. Yaro zai bar makaranta yana shekara 15 ko 16, ya bi ubansa rami. Ranar da ya fara aiki ya shiga ƙungiyar mahaƙa ta ƙasa, wadda ake kira NUM. Kowane rami da reshen ƙungiyar. Reshen ne ke tsaya maka in shugaban aiki ya zalunce ka, shi ke bin diyya in dutse ya faɗo maka, shi ke tara kuɗin gina zauren walwala inda ake biki da taro da wasanni. Gidan da kake ciki ma sau da yawa na kamfanin kwal ne. Unguwar New Bolsover kamfanin ne ya gina wa ma'aikatansa a shekarun 1890, haka ma ta Creswell. Kuma ƙungiyar nan ita ke tsayar da ɗan takarar Leba, ta ɗauki nauyinsa. Skinner kansa ya shiga rami a 1949 yana ɗan shekara 17, ya yi aiki a Parkhouse, daga baya Glapwell, ya zama shugaban NUM na Derbyshire a 1964. Da Harold Neal ya ajiye kujera, ai ba a je nesa neman magaji ba.

To ka ga ƙuri'ar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce. Mutumin da kuke sauka ƙarƙashin ƙasa tare kullum, ranka na hannunsa nasa na hannunka, ba ka saɓa masa a rumfar zaɓe.

Da aka rufe ramuka, waɗannan mutanen ba mutuwa suka yi nan take ba. Wanda yake shekara 45 a 1993 zai ci gaba da zaɓen Leba har ƙarshen ransa, don haka ya tashi. Abin da ya tsaya shi ne shigowar sababbi. Kamar rijiya ce da idonta ya toshe, za a yi ta ɗiban ruwan da ya taru har a ɗauka lafiya take, sai wata rana guga ya taɓo laka. Yaron da aka haifa a 1990 bai taɓa ganin reshen NUM yana aiki ba. Shekararsa 29 a zaɓen 2019. Me zai ɗaure shi da Leba?

Nura:
Baba Alhaji, na ji, kuma misalin rijiyar ya shige ni. Amma akwai inda ya yi mini gardama. Ai a Birtaniya matasa ne suka fi zaɓen Leba a 2019, tsofaffi suka fi zaɓen Conservative. In haka ne, ba yaran 1990 ne suka kayar da Skinner ba, iyayensu ne, tsofaffin mahaƙan da kake cewa ba za su taɓa juyawa ba.

Alhaji Garba:
Madalla da wannan tambaya, ka kama ni a wuri mai kyau. Na yi saurin cewa har ƙarshen ransu. Da yawa daga cikin tsofaffin sun juya, gaskiya ne. Sai dai ka lura, lokacin da suka juya babu sauran reshen ƙungiya da zai tara su a zaure ya ce ku dakata mu yi shawara. Kowa yana gidansa shi da talabijin da jarida. A da in Leba ta yi abin da bai musu daɗi ba, a cikin gida ake faɗan, a zage ta a taro, ranar zaɓe kuma a je a dangwala mata. Gwamnatin Harold Wilson ta Leba ta rufe ramuka masu yawan gaske a shekarun 1960, amma Bolsover ba ta motsa ba, don akwai wani ramin da za a mayar da kai, akwai ƙungiyar da za ta riƙe ka. Matasa masu karatu kuma, su da suka fi karkata ga Leba, barin garin suke yi su tafi Sheffield ko Nottingham ko Landan, can suke jefa ƙuri'arsu.

Zainab:
Sannunku da muhawara. Ni karatu ya kawo ni kusa da yankin, kuma bara na je da ƙafata, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Kusa da Bolsover akwai inda ramin Markham yake a da. Yanzu filin manyan sitoci ne a bakin babbar hanyar M1, tireloli na shiga suna fita. In ba a gaya maka ba, ba za ka san an taɓa haƙar komai a wurin ba. Amma a gefen hanyar ƙafa an jera siffofin mutane na ƙarfe guda 106, kowanne da sunan mahaƙi da shekarunsa da aikinsa. Su ne waɗanda suka mutu a haɗura uku na ramin: mutum 9 a 1937, mutum 79 a 1938, mutum 18 a 1973. Na 1973 ɗin, kejin ƙarfen da ke sauka da ma'aikata ne birkinsa ya ƙi, ya faɗa har ƙasan rami da mutane a ciki. Na tsaya ina karanta sunayen, wasu sunan gidansu ɗaya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

A nan na haɗu da wani dattijo yana zagayawa da sanda, numfashinsa na fita da ƙyar, yana tafiya yana tsayawa. Muka gaisa, hira ta ɗan yi tsawo. Ya ce shekara ashirin da wani abu ya yi a rami, ya yi yajin aikin da mahaƙa suka yi a 1984 kan shirin rufe ramuka daga farko har ƙarshe. Na tambaye shi Skinner. Ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin amanarsu ba, amma shi a 2019 gida ya zauna, bai fita ba. Ya kasa zaɓen Conservative saboda abin da suka yi musu, ya kuma kasa zaɓen Leba. Jikarsa a ɗaya daga cikin sitocin nan take aiki, ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ba ta san ko mako mai zuwa za a kira ta ba.

Malam Habu:
Zainab, Allah ya yi miki albarka. Wannan dattijon ya tuna mini abin da muke mantawa. Ba dole sai mutum ya sauya jam'iyya ake faɗuwa ba, zaman gida ma kayarwa yake yi. Skinner ya samu ƙuri'a 35,000 a 1997, ya dawo 16,000 da ɗoriya a 2019. Ba duka suka koma wa Fletcher ba. Wasu sun rasu, wasu sun ƙaura, wasu sun ba jam'iyyar Nigel Farage ta masu neman ficewa, wadda ta samu sama da 4,000 a ranar, wasu kuma sun naɗe hannu.

Anti Rabi:
Ni fa akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Kuna ta maganar kamar garin kansa a haɗe yake a da. Yajin aikin 1984 zuwa 1985 raba yankin nan ya yi gida biyu. Bolsover tana bakin iyakar Nottinghamshire, inda mafi yawan mahaƙa suka ƙi shiga yajin saboda shugaban NUM, Arthur Scargill, bai kira ƙuri'ar mahaƙan ƙasa baki ɗaya kan yajin ba, har daga baya suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar, UDM. A cikin mazaɓar nan, a Shirebrook an yi tsayin daka, 'yan sanda suka cika gari, a wasu ramukan kuma mutane na zuwa aiki. Wa da ƙani suka daina gaisawa. Har yau akwai gidajen da ba sa ga maciji saboda wane ya koma aiki kafin a janye yajin.

Kuma matan fa? Shekara guda babu albashi. Mata ne suka buɗe wuraren dafa abinci na gayya, suka bi gari gari neman tallafi, suka tsaya a bakin ƙofar rami tare da maza. Bayan an rufe ramuka, su ne suka riƙe gidaje da aikin masaƙa da ɗinki, sai su ma masana'antun suka bi sahu. Amma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun mace a kujerar ba sai 2024.

Alhaji Garba:
Hajiya Rabi, kin faɗi gaskiya, kuma kin gyara mini zance. Abin takaicin ma, waɗanda suka yi aiki lokacin yajin bai cece su ba. A Oktoban 1992 minista Michael Heseltine ya sanar da rufe ramuka 31, na masu yaji da na marasa yaji duka. Creswell an riga an rufe shi a 1991. Shirebrook da Bolsover suka bi a 1993. Creswell ɗin nan kuwa shi ne inda gobara ta kashe mutum 80 a watan Satumban 1950, shekarar da aka haifi mazaɓar.

Nura:
To ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Margaret Thatcher ce ta karya yajin, gwamnatin John Major ce ta rufe sauran ramukan ta sayar da abin da ya rage a 1994. Duk Conservative. Ta yaya 'ya'yan waɗanda aka yi wa haka za su ɗauki ƙuri'a su ba jam'iyyar? In ba zafin maganar Turai ba, me zai sa?

Anti Rabi:
Nura ƙanena, Leba ta yi mulki shekara 13, daga 1997 zuwa 2010. Ba a ce ba ta yi komai ba, ita ta kawo mafi ƙarancin albashi, an gyara makarantu, an share wuraren ramuka an mai da su filayen masana'antu. Amma wane irin aiki ya zo? A kan filin ramin Shirebrook aka gina babban siton Sports Direct, kamfanin sayar da kayan wasanni, kuma a 2016 sai da kwamitin majalisa ya binciki yanayin aiki a wurin. Ma'aikata da yawa daga gabashin Turai aka ɗebo su, musamman Folan, bayan 2004. Ni ban ga laifin baƙin ba ko kaɗan, neman halaliyarsu suka zo, su ma an cuce su. Amma sanya kanka a matsayin mutumin garin. Ubansa na da albashi mai kyau da fansho da ƙungiya, shi kuma yana layin aikin da ba tabbas. Sai wani ya zo ya ce masa matsalarka Turai ce. Ai kunnensa a buɗe yake.

Don haka ni ban ga maganarka da ta Malam Habu a matsayin kishiyoyi ba. Ƙuri'ar 2016 daga cikin toshewar rijiyar Alhaji ta fito.

Sadiq:
Ƙarin abu ɗaya da zai ba Nura mamaki: Skinner kansa ɗan a-fita ne. Tun shekarun 1970 yake adawa da shigar Birtaniya ƙungiyar Turai, kuma a 2016 ficewa ya zaɓa. Ra'ayinsa da na mutanensa ɗaya ne a kan wannan. Duk da haka bai tsira ba.

Nura:
Wannan ai hujjata ce, Yaya. Sun san shi, suna ƙaunarsa, ra'ayinsu ɗaya, amma suka ƙi, don sun san ƙuri'ar Skinner ƙuri'ar Corbyn ce. A tsarinsu ba a zaɓen firaminista kai tsaye, ɗan majalisarka za ka zaɓa, jam'iyyar da ta fi kujeru ta kafa gwamnati.

Malam Habu:
A nan na sallama maka rabi, Nura. In da ba maganar Turai da Corbyn, mai yiwuwa da Skinner ya sha da ƙyar a 2019. Amma kujerar da ake cin ta da 27,000 ba iska ɗaya ke kayar da ita ba.

Kada kuma mu manta da mutumin kansa. Shekararsa 87 a lokacin, kuma rashin lafiya bai bar shi ya zaga yaƙin neman zaɓe yadda ya saba ba. Ni ina ganin girmansa ƙwarai. Laƙabinsa a jaridu yana nufin Dodon Bolsover, saboda kaifin harshensa. An sha korarsa daga zauren majalisa na yini guda don ya ƙi janye magana, na ƙarshe da na sani a 2016 ne, kan firaminista David Cameron. Bai taɓa riƙe muƙamin minista ba cikin shekara 49. Lokacin yajin 1984 albashinsa ya riƙa miƙa wa mahaƙa. Da ya ci a 2019 da shi ne zai zama uban majalisa, wato wanda ya fi kowa daɗewa a jere. Ina jin wasu dubban ƙuri'un da Leba ke samu a can tun 2005 nasa ne na ƙashin kansa, ba na jam'iyya ba. Shi ya rufe tsagewar bangon har mutane ba su lura ba.

Zainab:
Malam, amma ai Leba ta dawo. Natalie Fleet ta karɓe kujerar a Yulin 2024 da tazarar sama da 6,000. Wannan bai rushe maganar ba?

Sadiq:
Zainab, duba cikin lambar. Fleet ta samu 17,000 da 'yan kai, wato kaɗan ta ɗara abin da Skinner ya samu ranar da ya faɗi, ko da yake an ɗan taɓa iyakokin mazaɓar. Fletcher ya samu kusan 11,000, ɗan takarar Reform, jam'iyyar Farage da ta sauya suna, ya samu 9,000 da ɗoriya. Haɗa na biyu da na uku, sun fi nata. Ba mutane ne suka komo ba, abokan hamayya ne suka rabu. Kuma a Mayun 2025 Reform ta karɓe majalisar gundumar Derbyshire.

Alhaji Garba:
Ku dubi maƙwabciyarta Ashfield ma. Lee Anderson tsohon mahaƙi ne, tsohon kansilan Leba, ya ci kujera a Conservative a 2019, ya koma Reform a 2024 ya sake ci. Mutum ɗaya, jam'iyya uku. Natalie Fleet ɗin nan ita ce ta yi wa Leba takara da shi a 2019 ta faɗi, kafin ta koma takara a Bolsover.

Anti Rabi:
Gwamnatin Leba dai ta yi abu biyu da suka shafi mutanen nan kai tsaye. A kasafin Oktoban 2024 ta mayar wa asusun fanshon mahaƙa kuɗin ajiya fam biliyan 1.5, fanshonsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sun shekara da shekaru suna kukan cewa tun yarjejeniyar 1994 gwamnati ke kwashe rabin rarar asusun. A 2025 kuma ta sanar da binciken abin da ya faru a Orgreave, wata masana'antar sarrafa kwal kusa da Sheffield, ranar 18 ga Yunin 1984, inda 'yan sanda a kan dawaki suka far wa masu yaji. Abin da nake tunani shi ne, wannan duk na kakanni ne. Jikar dattijon da Zainab ta gani ba ta cikin asusun fanshon.

Nura:
Anti, to ita wa za ta zaɓa? Zainab, kin tambayi kakan nata?

Zainab:
Na tambaya. Ya ce rabon da su yi maganar siyasa da ita ya manta, kuma bai tabbatar ko ta yi rajistar zaɓe ba. In Allah ya yarda wata mai zuwa zan je Pleasley, inda aka bar injinan tsohon ramin a tsaye aka mai da wurin gidan tarihi. Masu aikin sa kai ne ke kula da shi a kyauta, ciki har da tsofaffin mahaƙa. Ku rubuto tambayoyinku a nan in tafi da su.

Alhaji Garba:
Allah ya kai ki lafiya 'yata. Ki tambayar mini su ko zauren walwalarsu na nan a buɗe, in yana nan kuma su wa ke zuwa.